Na kusa gama difloma: in yi tajsir ko in karɓi aikin da aka yi mini tayi?

Autar Umma (Jidda)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina leƙowa zauren nan ina karanta na mutane, ban taɓa saka baki ba sai yau. Ku yi mini haƙuri zan ja zancen, in na taƙaita ba za ku ga inda abin ya ɗaure mini ba.

Ina zangon ƙarshe na diflomar muhasaba, wato lissafin kuɗi, a ɗaya daga cikin kwalejojin nan da a da ake ce wa kulliyatul mujtama, waɗanda daga baya aka mayar da su kulliya taɗbiƙiyya. Karatun shekara biyu ne. Wannan zangon na tadribi ne, ana tura mu kamfanoni mu koyi aiki, ni na faɗa wani kamfanin sayar da kayan gini a kudancin Jidda. Makon jiya shugaban sashen kuɗi ya kira ni ya ce in na gama suna so su riƙe ni, albashi riyal 4,500, dawam daga takwas na safe zuwa biyar. A gefe guda kuma mu'addalina, wato matsakaicin makina, ya kai 4.22 cikin 5, kuma dukturar da ta koya mana takalif, wato lissafin abin da ake kashewa a kan kaya, ta ce kada in kuskura in tsaya a nan, in nemi tajsir, wato shirin da mai difloma ke bi ya ƙarasa digiri. Tambayar ke nan a taƙaice. Amma bari in ba ku yadda aka yi na iso nan.

Ban shiga makarantar da son raina ba. Sakamakon sanawiyyata, wato sakandare, mai kyau ne, jarrabawoyin shiga jami'a na ƙudurat da tahsili ne suka ja ni ƙasa, da aka haɗa ukun sai makina ya kasa kai wa sashen da nake so a jami'a. A shekarar 'yar Gwaggona da muka tashi tare ta samu likitanci. Kun dai san gidajenmu, ba mai faɗa miki magana ido da ido, amma a wajen walima sai ki ji an ce "wance tana ɗibbu", in an zo kaina a ce "ita ma tana zuwa wata makaranta". Zangon farko da 3.20 na fita. Kujerar baya nake zama, ina ƙirga fashina don kada ya haura kashi 25 cikin ɗari a haramta mini jarrabawa, iyakar burina ke nan a lokacin.

Darasin takalif ne ya juya ni, a zango na biyu. Dukturar ta ba mu aiki, ta ce kowacce ta nemo sana'a ta gaskiya, ba ta littafi ba, ta fitar da abin da ake kashewa kafin kaya ɗaya ya kai hannun mai saye. 'Yan ajinmu wata ta tafi shagon gahawar yayanta, wata wajen mai ɗinkin abaya. Ni ban da kowa sai Umma.

Ummanmu girkin biki take yi. Waina da miyar taushe, funkaso, alkaki, kunun gyaɗa. Tun muna Karantina take wannan sana'a, da rusau ya biyo ta unguwar muka koma haya can gabas ta hanyar Makka, ta ci gaba, sai dai yanzu masu sayenta sun warwatsu, duk kai kaya sai an biya mota. Na zauna da ita daren wani aiki da biro da takarda. Waina 300 da miyarta, an yi ciniki riyal 450. Shinkafa da mai da yis da sukari sun ci 130. Nama da kabewa da gyaɗa da sauran kayan miya 150. A nan lissafin Umma yake tsayawa, don abin da ta fitar daga jaka a kasuwa ke nan, a wajenta ta ci ribar 170. Ni kuma na ci gaba: gas da robobin zubawa 40, mai motar da ya kai 50, baiwar Allah da ke taya ta suya 60. Jimla 430. Saura riyal 20, kuma ban saka ladan tsayuwarta ita kanta ba, tun daga jiƙa shinkafa har asuba.

Da na karanta mata sai ta ce, "Ke yanzu bokon naki a kan tandata zai fara?" Ta tashi ta bar ni. Sai da aka kwana biyu ta kira ni ɗaki ta ce in sake karanta mata a hankali. Mun ƙara farashi zuwa 600, wasu sun gudu, da yawa sun tsaya. Inda muka yi ta fama shi ne dangi. Umma ba za ta iya buɗe baki ta ce wa 'yar ɗakinsu "kuɗin ya ƙaru" ba, ni ma ban ga laifinta ba. Sai na buɗe mata layi na daban a Excel na sa masa suna alheri, duk ragin da ta yi wa wani a rubuta a nan. Bayan bukukuwan Shawwal layin alheri ya fi layin riba tsawo. Ta duba ta ce, "A bar shi haka, amma yanzu na san abin da nake bayarwa, zan yi niyya."

Ranar da na gabatar da aikin a aji dukturar ta tare ni da tambaya: ina ihlak na tanda da tukwane, wato rabon tsufansu da ya kamata kowane aiki ya ɗauka? Sai na ji bakina yana gardama, na ce tandar ƙarfe ce, ta girme ni, in aka raba kuɗinta a kan shekarun da ta yi ba zai kai halala ɗaya a waina ba, tukunyar gas da firji ne suka cancanci a lissafa. Ta ce to je ki lissafo su. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba tun firamare, ga ni ina musu da duktura a gaban mutane, kuma ban mutu ba. Daga nan ne na koma kujerar gaba. Da can haddacewa nake yi in zuba a takarda in manta. Yanzu in na ga lamba sai na tambaye ta daga ina ta fito.

Ko a kamfanin nan abin da ya sa suka lura da ni ke nan. Wani mai kawo musu kaya ya turo fatura, wato takardar kuɗin kaya, ta riyal 1,150 har da haraji, wanda ya shigar da ita ya cire kashi 15 daga jimlar ya rubuta 977.50. Na ce wa ustaz ɗin da ke koya mini, wani dattijo Basudane, ai rabawa ake yi da 1.15, asalin kuɗin 1,000 ne, harajin 150. Ya cire tabarau ya dube ni, tun daga ranar yake turo mini faturori in tantance lambar harajinsu da lambar QR kafin a shigar.

Yanzu ga halin gida. Baba ya yi ritaya daga tuƙin motocin alhazai, gwiwa ta hana shi komai, fanshonsa haya ke cinye rabinsa. Ita ma Umma bayanta ya fara gaya mata gaskiya. Yayana yana da nasa iyalin. Ba wanda ya ce mini in kama aiki, kuma shirun nan ya fi mini nauyi a kan a ce an yi magana. Burina in zama cikakkiyar akanta mai zamalar SOCPA, wato babbar shahadar hukumar akantoci ta Saudiyya, wata rana in buɗe ofis ina riƙe wa mata irin Umma littattafansu. Tsorona biyu ne. In na karɓi aikin, kada in saba da albashi in kasa komawa aji. In kuma na tafi tajsir, ban tabbata ba ko don kaina zan yi ko don kunnen Gwaggo. Waɗanda suka bi ta hanyar nan, don Allah ku ba ni shawara.

Maman Walid (Riyad)

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta har ƙarshe, na yi dariya a wajen tanda, don ni ma da kantin mahaifina na koyi muhasaba. Ni tsohuwar kulliyatul mujtama na yi, lokacin ba a canza mata suna ba, na kama aiki, na ƙarasa digiri ina aiki ina goyo. Don haka abin da zan faɗa miki na taɓa shi da hannuna.

Da farko ki san cewa 4,500 ɗin nan ba kyauta suka yi miki ba. Dokar da ma'aikatar ƙwadago ta fara aiki da ita a 2021, wadda ta ware wa 'yan ƙasa kashi 30 na ayyukan muhasaba a duk kamfanin da ke da akanta biyar ko fiye, ita ta ce ba za a ƙirga mai difloma a cikin kason ba sai albashinsa ya kai 4,500, mai digiri kuma 6,000. Wato a kan ƙasan layi suka ajiye ki. Kuma tun Oktoban 2025 kason ya koma kashi 40, ana tafiya da shi a hankali har 70. Ma'anar wannan, yadda kike bukatarsu haka suke bukatarki, balle ke da kika iya kama kuskuren haraji tun kina tadribi. Kada ki shiga ofishin mutumin nan kamar mai roƙo.

Na biyu, ki yi wa albashin irin lissafin da kika yi wa wainar Umma. Ta'aminat, wato hukumar fansho, za su cire kusan kashi goma, abin da zai shigo hannunki bai fi dubu huɗu da 'yan kai ba. Daga gabashin Jidda zuwa kudu kullum mota za ta ci nata, sai dai ki yi rajista da shirin Wusul na Hadaf, asusun gwamnati na tallafa wa ma'aikata, suna ɗauke wa mata ma'aikata kashi 80 na kuɗin mota har zuwa wani iyaka a wata. Sai kayan sawa, sai abincin rana, sai kuma dangi, waɗanda ranar da suka ji kin fara ɗaukar albashi za ki san yawansu.

Na uku shi ne tajsir ɗin kansa, kuma nan ne mutane ke shan mamaki. Sunan yana da daɗi, sai ki ɗauka shekara biyu kika yi, saura biyu. Ba lallai ba ne. Akwai mu'adala: jami'a za ta ɗauki darussanki ɗaya bayan ɗaya ta gwada da nata, wanda sa'o'insa ko abin da ke cikinsa bai yi daidai ba sai ki sake shi. Ni an zubar mini da darussan da na fi wahala a kansu, na zauna aji ɗaya da yaran da na girma ina maimaita mabadi'ul muhasaba, darasin 'yan farko. Sannan a wurare da yawa tajsir na kuɗi ne, ana biya a kan kowace sa'a, kuma kada ki sa rai da mukafa'a, wato alawus ɗin wata da ake ba 'yan digiri na safe. Kafin ki biya ko halala, ki tambaya a rubuce sa'o'i nawa za su karɓa daga diflomarki. Mu'addalinki ba matsala ba ne, matakin jayyid jiddan, wato mai kyau ƙwarai, daga 3.75 yake farawa, kin wuce shi da nisa.

Digirin kuwa dole ne in dai zamala kike so, SOCPA ba ta zaunar da mai difloma jarrabawar zamala. Amma tana da ƙananan shahadodi, akwai ta fanni muhasaba, akwai ta ƙwarewa a harajin ƙima, ki duba sharuɗɗansu tun yanzu. Tunda aka fara fatura ta lantarki a Disambar 2021 duk ƙaramin kamfani neman wanda ya san harajin nan yake yi.

Ra'ayina: ki karɓi aikin, ki kuma shiga tajsir na yamma a buɗewar farko da za a yi, ba "baɗi in an huta" ba. Ki duba har da Jami'ar Saudiyya ta Lantarki, tun 2011 take, tana da reshe a Jidda, karatunta wani ta intanet wani a aji, tana da sashen muhasaba, amma da Turanci ake koyarwa. Ba zan ɓoye miki ba, akwai wuya. Shekarun da na yi a haka ban san biki ba ban san suna ba, ƙanwar mijina har yau tana tuna mini ban je kamun 'yarta ba. Cikin ƙawayen da muka gama difloma tare, waɗanda suka ce sai sun ɗan tara kuɗi tukuna, har yanzu tarawa suke yi.

Baban Misfala (Makka)

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba mahaifinki lafiya. Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan haruffan nan.

Ni na yi shekaru ina riƙe daftari a ofishin muɗawwifi mai kula da alhazai, da hannu, tun ba a san kwamfuta ba. Sunan alhaji, garinsu, abin da ya bayar ajiya, abin da ya karɓa. Saboda haka na ji daɗin labarin layin alherin nan, ki gaida mahaifiyarki, mace ce mai hankali.

Amma ban bi bayan Maman Walid ba, ta yi mini haƙuri. Ita Allah ya ba ta ƙarfin haɗa biyu, ba kowa ke da shi ba. A Misfala da Shara Mansur na ga yara masu kai, waɗanda malamai ke yabo, sun tafi aikin mausim na wata biyu da niyyar komawa makaranta bayan Hajji, yau ga su da furfura suna jiran mausim. Albashi kamar gishiri ne, bakin da ya saba da shi ba ya komawa lami. Ke kuma yanzu kanki a buɗe yake, karatun ya shige ki, ba miji ba ɗa. Irin wannan lokacin ba ya dawowa. In da hali ki zauna ki yi karatun nan gaba ɗaya, ki bar aiki ya jira, ba gudu zai yi ba.

Abu ɗaya da ban ji kin yi ba, shi ne ki tambayi mahaifinki. Kin ce shirunsa ya yi miki nauyi. To ke kika fassara shirun, ba shi ba. Mu iyaye maza mukan yi shiru don kunya, kada a ce mun ɗora wa 'ya mace kaya, mukan kuma yi shiru don kada mu faɗi abin da muke so alhali ba mu da kuɗin tsaya masa. Ba za ki san wanne ne ba sai kin zauna gabansa. Ki bari ya yi sallar isha ya ci abinci, ki kai masa shayi, ki ce Baba ga abin da ke gabana. Ki haɗa da istihara.

Maganar Gwaggo kuwa ki cire ta a lissafi. Ko dakta kika zama za ta samo wadda ta fi ki.

Ɗan Madina

Salam 'yar uwa. Zan yi magana ta wani ɓangare, don ba dukanmu a zauren nan ke da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ba. A Madina aka haife ni, aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo ta Sudan, amma da iƙama muke zaune. Kason nan na 40 da Anti Maman Walid ta ambata, ƙofar da ya buɗe miki ita ya rufe wa irina, shi ya sa ban ko kalli muhasaba ba. Ba hassada nake yi ba wallahi, so nake ki ga girman abin da ke hannunki.

Da na gama sanawiyya na nemi gurbin minha ta cikin gida, wato tallafin karatu da ake ba baƙi mazauna ƙasar, ban samu ba, sai aka tura ni Khartum kamar yadda gidaje da yawa ke yi. Ina shekara ta uku yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Ta Bur Sudan muka fito, jirgin ruwa ya sauke mu a Jidda, daga ni sai jakar baya. Shekara biyu da rabi na karatu, ba ni da takarda ko ɗaya mai hatimi da zan nuna. Yanzu diflomar kuɗi nake yi da yamma a fannin haɗa kwamfutoci, da safe ina shagon gyaran waya, na faro daga farko.

Shawarata ba ta zaɓi ba ce, ta takardu ce. Ko wanne kika ɗauka, kafin ki bar makarantar ki karɓi sijillinki na maki da hatimi, ki kuma karɓi tausif na kowane darasi, wato bayanin abin da aka koyar a cikinsa da sa'o'insa, shi ma da hatimin sashe. Da shi ake yin mu'adalar da Anti ta faɗa. Manhaja tana canzawa, malamai suna tashi, in kika dawo bayan shekara huɗu neman tausif na tsohon tsari za ki sha yawo. Ki ɗauki hotonsu ki ajiye a imel.

In kuma ra'ayina kike so, ina tare da Baban Misfala. Karatun da za a iya yi bana a yi shi bana.

Ummu Rayyan

Ni dai ba ni da shawarar karatu, Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Tambayata, Umma tana kai waina har Makka? Muna da suna ƙarshen wata, kuma na ji farashin, ba zan nemi shiga layin alheri ba.

Autar Umma (Jidda)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Anti Ummu Rayyan, tana kaiwa, amma kuɗin mota daban, na turo miki saƙo.

Baba na Misfala, na bi maganarku. Daren jiya na kai wa Baba shayi na faɗa masa komai. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce shi bai sa ni makaranta don in biya masa haya ba, in tafi in yi karatuna, Allah ba zai hana su abin rufin asiri ba. Na fito ina murna. Sai Umma ta bi ni kicin ta ce ta ji abin da ya ce, kuma har zuciyarsa yake nufi, amma in sani kason haya na gaba a Muharram yake, na baya ma sai da ta sayar da warwaronta aka cika, shi bai sani ba. Ta ce ba don in fasa karatu ta faɗa mini ba, don ni ce na koya mata a rubuta komai.

To kun ji. Na zauna na yi jadawali na shekara uku, hanya biyu gefe da gefe. Ta aiki na iya cike ta. Ta karatu zalla ta tsaya mini a wuri biyu, kuɗin sa'a da yawan sa'o'in da za a karɓa, don haka gobe zan je sashe neman tausif kamar yadda Yaya Ɗan Madina ya ce. Yaya, labarinka ya hana ni barci, Allah ya mayar maka da alheri. Amma ko ba a cike guraben ba na ga inda lissafin ya karkata: tajsir na kuɗi ba albashi, ga haya, ba zai tashi ba sai an ci bashi, Baba kuma ba zai yarda da bashi ba. Don haka zuciyata ta fi kwanciya da hanyar Anti Maman Walid. Baba na Misfala ku yafe mini, gargaɗinku na gishiri na rubuta shi a bangon littafina.

Na kuma tambayi kaina zancen Gwaggo. Akwai ta a ciki, ba zan musa ba, ina so wata rana a wajen walima a faɗi sunan abin da na karanta. Amma da na yi tunanin a ce ta ƙaura ta bar ƙasar gaba ɗaya, sai na ga har yanzu ina son zamalar.

Saura abu biyu. Turancina na karatu ne kawai, ina gane fatura da imel, amma lacca sukutum da Turanci tana ba ni tsoro. Sannan Anti, ta yaya zan ce wa shugaban sashe ina so in riƙa tashi da wuri wasu ranaku, tun ban sa hannu ba, ba tare da ya ga kamar na cika buƙatu ba?

Maman Walid (Riyad)

Turancin muhasaba ba na hira ba ne ƙanwata, kalmomi ne ƙididdigaggu da ke ta maimaita kansu. Ki ɗauki littafin mabadi'ul muhasaba na Turanci, wanda kin riga kin san abin da ke cikinsa da Larabci, ki riƙa karanta babi ɗaya duk mako daga yanzu har a buɗe rajista. Tunda kin san ma'anar, sunayen kawai za ki ɗauka. Shirin kwamfutar da kuke aiki da shi a kamfani ma ki juya shi zuwa Turanci. Kuma ba duka jami'o'i ke koyar da muhasaba da Turanci zalla ba, ki tambaya kafin ki zaɓa.

Zancen shugaban sashe, kada ki fara da "ina neman alfarma". Ki ce masa kin yi niyyar zama da su, kina kuma shirin ƙarasa digiri da yamma, wanda su ma zai amfane su, kina so a daidaita tun yanzu don kada aiki ya samu tangarɗa. Ki zo da mafita a hannunki: ranakun lacca ki shigo bakwai ki tashi huɗu, ko ki bar hutun rana, kuma ki yi masa alkawarin ƙarshen wata da lokacin miƙa bayanin haraji kina nan ko ana ruwan wuta. Abin da ke tsorata shugaban kuɗi ke nan, ranar rufe littafi a nemi akanta a rasa. In ustaz Basudanen nan yana sonki kamar yadda kika faɗa, ki fara gaya masa, ya riga ki shiga ofishin.

Abu mafi muhimmanci, ki nemi amincewarsu da karatun a rubuce. Dokar ƙwadago, sashe na 115, ta ce ma'aikacin da kamfani ya amince ya shiga makaranta yana da hutun jarrabawa da cikakken albashi na ranakun jarrabawar, in dai ba shekarar maimaici ba ce. In ba su amince ba, ranakun daga hutunki na shekara za a cire, in ya ƙare kuma ba albashi. Ana neman hutun aƙalla kwana 15 kafin jarrabawa, don haka da jadawali ya fito ki miƙa. Kwantiragin zai zo miki ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ki karanta shi layi-layi kafin ki danna amincewa, ki duba tsawon lokacin gwaji da yadda aka raba albashin tsakanin asali da kuɗin gida da na mota. In kin ga abin da ba ki gane ba, ki rufe sunan kamfanin ki turo mini ta akwatin sirri in duba miki.